Na karɓi kuɗin masu jarin kasada, ga yadda na same su

Tun ranar da na yi 'yar magana a wani taron matasa 'yan fasaha a nan Kano mutane ke ta turo min saƙo a WhatsApp, wai don Allah in haɗa su da "mutanen nan da suka ba ku dala". To amsa ɗaya bayan ɗaya ta ishe ni, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda na ga harkar gaba ɗaya, wata 14 na yi ina bin su kafin in samu, kuma yanzu sama da shekara biyu ke nan kuɗinsu na cikin kamfaninmu, don haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba.

Masu jarin kasada nake ce musu, a Turance VC ake taƙaita sunan. Sana'arsu ita ce su saka kuɗi a jaririn kamfani wanda ko riba bai fara ci ba, su karɓi wani kaso na mallakarsa. Ba bashi ba ne, in kamfanin ya mutu bisa ƙaddara ba wanda zai zo ya ɗauke maka mota. Kuma ba kyauta ba ce, a nan ne samarinmu da yawa suke ruɗewa, suna haɗa su da irin tallafin gidauniyar Tony Elumelu mai ba da dala 5,000 da ba a mayarwa. A'a, waɗannan sayen yankin kamfaninka suka yi, daga ranar kana da abokin tarayya har sai an sayar da kamfanin ko ya rufe, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu abin da muke yi ba wani abin mamaki ba ne, manhaja ce ta dillalan hatsi, a Dawanau muka fara. Buhu nawa ya shiga sito, nawa ya fita, wa ya ɗauki riɗi ko waken suya bashi, yaushe ya ce zai biya, in ranar ta zo sai ta tura masa tes da Hausa ta tuna masa. Kawuna ne sila, wata damina ruwa ya shiga shagonsa ya jiƙa littafin bashi, na same shi ya baza shafukan a kan tabarma a rana yana bi da yatsa yana ƙoƙarin gane ko 40 aka rubuta ko 70, biron ya narke ya koma shuɗin tabo kawai. Ni da abokina da muka yi makaranta tare muka haɗa ta a cikin wata huɗu, kafin shekara muna da dillalai 'yan ɗaruruwa masu biyan kuɗin wata. Daga nan ne kuɗinmu suka ƙare muka fara neman jari a 2022.

Abu na farko da zan yaba musu, kasuwar ba a ɓoye take ba. In ka zauna da data na kwana biyu za ka haɗa jerin sunayensu. Akwai Ventures Platform a Abuja, na Kola Aina, tun 2016 suke, suna cikin waɗanda suka saka jari da wuri a kamfanonin fasaha irin Paystack da PiggyVest da ThriveAgric, kuma a ƙarshen 2022 suka gama tara asusun jari na dala miliyan 46. Akwai Microtraction da suka yi suna wajen ba da cek ɗin farko tun kamfani bai san inda ya dosa ba, akwai Ingressive Capital na Maya Horgan Famodu, da LoftyInc na Idris Bello, da Future Africa na Iyinoluwa Aboyeji. Sai manya irin TLcom, inda tsohuwar ministar sadarwa Omobola Johnson take, da Partech masu ofis a Dakar da suka tara yuro miliyan 280 a 2024, su waɗannan ba sa'o'in mai farawa ba ne, sai ka yi ƙwari tukuna. Can sama kuma akwai Y Combinator na Amurka da kowa ke mafarki, su tun 2005 suke, kuma daga 2022 tsarinsu ɗaya ne ga kowa: dala 500,000, a ciki 125,000 a bakin kashi 7 cikin ɗari na kamfanin, sauran 375,000 ɗin sai zagayen neman kuɗi na gaba za a san kashi nawa suka zama. Paystack ne kamfanin Najeriya na farko da ya shiga wurinsu a 2016, shekara huɗu bayan nan Stripe, wani babban kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Wannan cinikin shi ne ya sa kowa ya haukace, mu ma har da mu.

Amma sanin sunansu daban, su ɗaga maka waya daban. Kusan duk suna da fom a shafinsu, na cike ya fi ashirin, waɗanda suka amsa ba su kai biyar ba, kuma a cikin mitin ɗin da na samu gaba ɗaya guda ɗaya ne tal ya zo ta hanyar fom, sauran duk wani ne da suka riga suka ba kuɗi ya tura musu imel ya ce ku duba yaran nan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. To mu a Arewa ruwan cikin ne babu, wanda yake Yaba ko Lekki a Legas zai haɗu da su a wurin cin abinci, kai kuwa sai ka sayi tikitin jirgi ka biya otal don zaman minti talatin. Wannan shi ne babban aibin sabis ɗinsu a wurina, kuma ba ƙiyayya ba ce, nisa ne da rashin sani. Wata da muka yi Zoom da ita, mutuniyar kirki ce wallahi, amma sai da na ɓata rabin lokacin ina mata bayanin mene ne Dawanau, cewa tireloli ke lodi daga nan zuwa Nijar da Chadi da Kamaru da tashar jirgin ruwa ta Legas, tana ta mamaki tana rubutawa. Ba ta taɓa zuwa Kano ba, kuma ita ce za ta yanke ko kasuwarmu babba ce ko ƙarama.

A wannan mitin ɗin ne aka yi min tambayar da ta buɗe min ido. Ina ofis ɗinmu, ɗaki ɗaya ne a saman wani shago, NEPA sun ɗauke, janareton maƙwabci na ta ƙara na toshe kunne ɗaya da yatsa, sai abokin aikinta ya ce: wannan kamfanin naku ta yaya zai kai yana samun dala miliyan 100 a shekara? Na yi shiru. Ni a raina in muka kai ribar naira miliyan 10 a wata ai mun gama, mun ɗauki ma'aikata, mun rufa wa kanmu asiri. Na fara kame-kame, shi kuma ya yi murmushi ya ce kasuwancinku mai kyau ne amma ba irin namu ba ne. Ranar raina ya ɓaci sosai, daga baya da na fahimci lissafinsu na ga gaskiya ya faɗa min, kuma ya taimake ni da bai ja ni ba.

Ga lissafin. Kuɗin da suke rabawa ba nasu ba ne, su ma karɓowa suke daga manyan hukumomi irin IFC, reshen Bankin Duniya mai saka jari a kamfanoni, da attajirai da asusun fansho na ƙasashen waje, bisa alƙawarin za su mayar da riba yawanci a cikin shekara 10. A al'adar harkar suna cire kashi 2 cikin ɗari duk shekara na gudanar da ofis, sannan kashi 20 na ribar in an samu. Kuma sun san tun farko yawancin kamfanonin da suka ba kuɗi mutuwa za su yi, kowa ya ga yadda 54gene, kamfanin binciken ƙwayoyin halitta na Najeriya, ya tara kusan dala miliyan 45 amma ya rufe a 2023. To ɗaya ko biyu da suka tsira su ne za su biya asarar kowa. Ka ɗauka asusu na dala miliyan 40 ne, sun sayi kashi 10 na kamfaninka, wasu masu jari suka shigo daga baya kason nasu ya ragu ya koma 5, kafin kai kaɗai ka dawo musu da miliyan 40 ɗin nan sai an sayar da kamfaninka dala miliyan 800. Ka ga ke nan mai gidan burodi ko gonar kaji ko shagon ɗinki, ko da ribarsa ta fi ta kowa tsafta, ba shi suke nema ba. Suna neman abin da zai ninka ɗari ne ko ya mutu yana ƙoƙari, kuma za su tura ka ka yi gudun da zai iya kashe ka, don su suna da kamfani talatin a hannu, kai kuwa ɗaya gare ka.

Yanzu ɓangaren da ya ƙona min rai. Akwai wani kamfani, ba ya cikin waɗanda na ambata a sama kuma ba zan faɗi sunansa ba, wata biyar suka riƙe mu da sunan bincike. Ku turo bayanan banki na shekara, mun tura. Ku turo takardun CAC da na haraji, mun tura. Ku ba mu lambobin kwastomomi goma mu kira su, na bi dillalai ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su ɗaga waya in baƙuwar lamba ta kira, har da wani dattijo da ya ce min "ɗana, ni fa ba na jin Turanci, amma saboda kai zan ɗauka". Muka dakatar da magana da wasu saboda sun ce kada mu kula kowa. Daga ƙarshe takardar sharuɗɗan ta zo, na kai wa lauya, tana karantawa ta cire tabarau ta ce Malam ka san abin da ke layin nan kuwa? Sun rubuta in an sayar da kamfanin sai sun fara ɗaukar ninki biyu na kuɗinsu kafin kowa ya taɓa sisi. Wato in sun saka dala 200,000 aka sayar da kamfanin 500,000, su kwashe 400,000 tukuna, ragowar 100,000 ɗin ma da su za a raba. Ga kashi 25 da suke so tun a zagayen farko, ga kujera a hukumar daraktoci da ikon hana mu ɗaukar ma'aikaci sai da izininsu. Muka ce a gyara, ninki ɗaya shi ne abin da aka saba. Daga ranar ba su sake amsa imel ba, ko "mun fasa" ba su iya rubutawa ba. Wata biyar, albashin yara biyu da muka kasa biya, ɗaya ya tafi kuma ban ga laifinsa ba.

Waɗanda muka dace da su a farkon 2023 wani ƙaramin asusu ne, su ma zan bar sunansu don ban nemi izininsu ba. Mitin uku, sati shida, suka ce za su ba da dala 50,000 a kan takardar SAFE da ƙimar kamfani dala miliyan 1, wato kashi 5 ke nan. Ita SAFE ɗin nan Y Combinator ne suka fito da ita a 2013 kuma kyauta take a shafinsu kowa zai iya saukewa, 'yan shafuka ne, ba ruwa a cikinta ba ranar biya, alƙawari ne kawai cewa in an yi babban zagaye nan gaba kuɗin zai rikiɗe ya zama hannun jari. Gaskiya duk wanda ke tunanin shiga harkar nan ya fara karanta ta tare da kallon darussan Startup School ɗinsu, su ma kyauta ne, ni sun fi min amfani a kan wasu tarurrukan da na biya kuɗi na shiga.

Da na je na faɗa wa kawu, ko murna bai fara yi ba sai da ya tambaya: "Da ruwa a ciki?" Na ce babu Kawu. Ya ce "To ka kai wa malam ya duba, kada ka sa hannu a abin da za ka zo kana istigfari." Kuma tambayar tasa a kan hanya take, don akwai wata takardar da wasu ke amfani da ita maimakon SAFE, bashi ce mai rikiɗa zuwa hannun jari, ita kam ruwa take tarawa duk shekara, mutum zai sa hannu bai ma lura ba. Malamin da muka kai wa ya karanci harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce asalin tsarin ai musharaka ne, kowa ya kawo nasa, riba tare asara tare, kusan abin da iyayenmu ke yi a Kantin Kwari da Singa in maigida ya ba yaronsa jari. Inda ya tsaya shi ne sharaɗin fifiko, don ita ma SAFE ɗin ta ce in kamfani ya rushe mai jari ne zai fara karɓar kuɗinsa kafin masu kamfani, kuma ƙa'idojin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ba su yarda da hannun jarin da ke da irin wannan fifikon ba. Na koma musu ina ɗar-ɗar na yi bayani. Ba su taɓa jin wannan matsalar ba, amma suka saurara, lauyansu da tamu suka yi sati uku suna kai da komo, aka cire layin. Wannan kaɗai ya sa har gobe nake ganin girmansu. Ban ce kowa zai yarda ba, musamman manya, amma a tambaya, kada a yi shiru don kunya ko tsoron kuɗin zai kuɓuce.

Sai wahalar da ba wanda ya gaya min. Yawancinsu ba sa saka kuɗi a kamfanin da ke da rijistar Najeriya kaɗai, sai ka buɗe uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka ta mallaki na gida. Buɗewar ba wuya, Stripe Atlas, sashen Stripe mai yi wa kamfanoni rijista, na yi a dala 500, amma daga nan duk shekara akwai harajin jihar da ake biya zuwa 1 ga Maris, ga akanta na can da za ka biya da dala, ga wani fom mai lamba 5472 da kamfani mai mallakar baƙi ke cikewa wanda tarar rashin cike shi dala 25,000 ce, rabin jarin da aka ba mu ke nan. Sannan hannun jarinka na kanka ma sai an ɗaure shi, shekara huɗu kana samun sa kaɗan-kaɗan, in ka bar kamfanin kafin shekara ɗaya ba ka da komai. Da farko abin ya yi min ciwo, kamfanin da na gina da hannuna, amma da na tuna yadda abokai ke rabuwa a kasuwa ɗaya ya tafi da rabi bai ƙara ɗaga tsinke ba sai na ga hikimar.

Abin da ya fi komai karya mu kuwa ba laifin kowa ba ne a cikinsu, naira ce. Lokacin da suka shigo dala tana wajen 460 a farashin banki, muna samun kamar naira miliyan 2.3 a wata, dala 5,000 ke nan a rahoton da muke tura musu. Aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin mu farga a 2024 ta haura 1,500. Mu kuma muka yi aiki kamar ba gobe, muka shiga kasuwannin Jigawa da Katsina, kuɗin shiga ya kai miliyan 7 a wata. Na zauna zan rubuta rahoto ina jin daɗi, na raba da 1,500, sai ga dala 4,600 da 'yan kai. Mun ninka uku amma a idon mai dala baya muka ci. Na daɗe ina kallon lambar nan a kwamfuta. Kuma ba za ka iya ninka wa dillali kuɗin wata sau uku ba don dala ta tashi, ce maka zai yi ya koma littafinsa. Ga kuɗin sabar da muke haya, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, da dala ake biya. A daidai lokacin kuma kasuwar jarin ta duniya ta yi sanyi, ruwan bankunan Amurka ya hau, Silicon Valley Bank inda kamfanoni masu tasowa da yawa ke ajiya ya rushe a watan Maris na 2023, masu ba da kuɗi suka riƙe hannu. Zagaye na biyu da muka sa rai har yau bai zo ba.

To bayan kuɗin me suka tsinana mana? Alhamdulillahi ba laifi. Rahoton wata-wata da suka tilasta mana ya gyara mu, da can ba mu san nawa muke kashewa kafin mu samu kwastoma ɗaya ba, ba mu san nawa ke guduwa bayan wata uku ba, yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa. Sun haɗa mu da wani kamfanin biyan kuɗi da muka yi wata shida muna nema ba amsa, imel ɗaya suka tura aka kira mu washegari. Amma maganar "za mu zama kamar abokan aikinku" da ake yi lokacin zawarci, a rage buri, mutum uku ne ke kula da kamfani kusan talatin, wanda ya fi gudu shi ake bi, mu da muke tafiya a hankali wani lokacin sai mu yi wata biyu ba a kira ba. Kuma shawararsu a kan kasuwar Arewa sai an tace, sun taɓa matsa mana mu fara ba dillalai bashi da ruwa don a nan kuɗin yake, muka ce wannan kam ba da mu ba, kwastomominmu ma guduwa za su yi. In maki ake bayarwa, su waɗannan namu zan ba su 4 cikin 5, harkar gaba ɗaya ga ɗan Arewa kuwa 2 da rabi.

Abin ya fara motsawa dai. Sudo Africa na Aminu Bakori da Kabir Shittu, 'yan Kaduna, sun tara dala miliyan 3.7 a 2022, wannan ya nuna ba sai an haife ka a Legas ba. A 2023 Surayyah Ahmad da Sanusi Ismaila, wanda ya kafa CoLab a Kaduna, suka sanar da Aduna Capital da burin tara dala miliyan 20 wanda sama da rabi za a saka a Arewa, kuma irin wannan muke buƙata, mai jarin da ba sai ka fassara masa mene ne sito ko dillali ba. Gwamnati ma ta yi dokar kamfanoni masu tasowa da Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 lokacin Pantami na minista, da shirin iDICE na tallafa wa kamfanonin fasaha da ƙirƙira, na sama da dala miliyan 600, da Bankin Masana'antu ke riƙe da shi, duk wanda ke da irin wannan kamfanin ya je ya yi rijistar samun shaidar kamfani mai tasowa da hukumar fasahar sadarwa NITDA ke bayarwa.

Amma ni abin da ke damuna kullum shi ne kuɗin na nan a garin nan. Alhazan da ke loda tirela goma a rana a Dawanau, dala 50,000 ba ta kai kuɗin riɗin da suke saya a sati ba, kuma tsarin ba yaro jari a raba riba a jininsu yake tun kafin a haifi Y Combinator. Abin da ba su saba da shi ba shi ne saka kuɗi a abin da ba za su iya taɓawa da hannu ba, da jiran shekara bakwai ba a raba komai ba. Watan jiya kawu ya haɗa ni da abokansa biyu da ke amfani da manhajar tamu, muka zauna a shagonsa bayan la'asar, ɗaya ya ce "Yaro, mu ba ma son dogon Turanci, nawa kake so, me za ka yi da shi, yaushe za mu fara ganin riba?" Na ce naira miliyan 30, za mu shiga Maigatari da Potiskum, riba kuma a fara rabawa bayan shekara biyu. Lauyarmu na rubuta yarjejeniyar musharakar da Hausa da Turanci yanzu haka, masu jarinmu na farko sun ce ba su da matsala muddin kason ya fito a rubuce, ranar Asabar za mu koma a karanta musu ita.